Batir na uku zan saya, ko akwai abin da ke shan wutar motata cikin dare?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan Peugeot 406 ɗina, irin wadda aka haɗa a Kaduna. Gadonta na yi daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Cikin wata goma sha huɗu batir biyu na saya. Daga Litinin zuwa Juma'a lafiya lau, bugu ɗaya take tashi. Amma in na ajiye ta bayan sallar Juma'a, to ranar Litinin da safe sai dai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod su dushe. Yau ma sai da samarin layinmu suka tura ni, ga yara a baya da kayan makaranta, har suka makara. Na koma wajen mai batir a Ƙofar Ruwa, ya gwada ya ce kayansa lafiya suke. Ni kuma ban san wa zan gaskata ba. In sayi na uku ne, ko yaya?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, shekara talatin na yi ina jan mota tsakanin Kano da Jos. Ka ajiye sifana mai lamba 10 a aljihun ƙofa. Da dare ka kwance kan batir, da safe ka mayar. Haka muka yi ta yi da tsofaffin motoci, ba mu taɓa neman turi ba.

Ɗan Panteka:
Altaneta ce malam, wato na'urar da ke yi wa batir caji. Ka tayar da motar, tana aiki ka zare kan batir. In ta mutu altaneta ba ta caji, in ta ci gaba da aiki lafiyarta ƙalau. Minti ɗaya an gama magana.

Injiniya:
Don Allah Abban Khadija kada ka yi wannan gwajin. Batir shi ne ke daidaita wutar da altaneta ke fitarwa. In ka zare shi injin na aiki, wutar na iya yin tsalle ta wuce ƙima, kuma 406 tana da kwamfutar injin, na baya-bayan ma suna da wata kwamfutar jiki da ake kira BSI. Abin da za ka ƙona ya fi batir tsada nesa ba kusa ba.

Ɗan Panteka:
Injiniya, ni dai na yi wannan ya fi sau ɗari, ban taɓa ƙona komai ba.

Injiniya:
Ban ƙaryata ka ba ɗan'uwa. A kan 504 mai kabureta, wadda ba ta da kwamfuta ko ɗaya, sau da yawa ana tsira. Amma ko an tsira, gwajin bai gaya maka komai sosai ba. Altaneta mai rauni tana iya riƙe injin da ke tsaye ba fitila ba esi, alhali ba ta cika batir. Mitar auna wuta kuwa za ta gaya maka gaskiya ba tare da ka zare komai ba: injin na aiki, ka ɗora ta a kan batir, ka ga tsakanin volt 13.8 zuwa 14.5. Ka kunna manyan fitilu da fanka ka sake dubawa.

Oga Rewaya:
Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga gareji na ga maganar. Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Yadda ka ba da labarin nan, ni ban ga laifin altaneta wajen caji ba, don motar da ba ta caji a tsakiyar mako za ta kwanta, ba sai ta huta kwana biyu ba. Taka hutu ne ke kashe ta. Abu biyu ke kawo haka: ko batir ba ya riƙe wuta, ko akwai ɓarawo a cikin motar da ke sha alhali an zare makulli. Zuba ruwa a tulu mai yoyo kake yi, sabon tulu ko tsoho duk ɗaya ne in ramin a ƙasa yake.

Baba, ranka ya daɗe, dabarar taka tana da amfani a nan, amma a matsayin gwaji. Alhaji, ka cika batir, ranar Juma'a ka cire kan negatif, wato mai alamar (–), ka bar shi har Litinin. In ta tashi da bugu ɗaya, batir ya kuɓuta, ɓarawon yana cikin mota. Abin da ya sa ba na so a mayar da shi al'ada shi ne, kullum kwancewa da ɗaurewa na sa kan batir ya saki, agogo da rediyo su riƙa mantuwa, kuma in waya ce ta goge take shan wuta, tana nan tana jiran ranar da za ta yi hayaƙi.

Tambaya ɗaya: me aka ƙara wa motar bayan fitowarta daga kamfani? Rediyo, tiraka, ƙararrawar ɓarayi, fitilun ado?

Abban Khadija:
Na gode Oga. Rediyo kawai aka canza tun mahaifinmu na da rai. Ban san da wani abu ba. Akwai multimita a wajen maƙwabcina mai gyaran sola, zan aro. Amma ban taɓa auna irin wannan ba, a yi mini dalla-dalla.

Oga Rewaya:
To ka bi a hankali, ba wuya.

Da farko ka cire zobe da agogon hannu in na ƙarfe ne, kuma ba sigari ba ashana kusa da batir, don yana fitar da iska mai kamawa. Ka kashe komai, ka zare makulli, ka cire cajar waya daga soket. Za ka buƙaci ƙofar direba a buɗe don ka kai ga akwatin fiyus, amma dole motar ta ɗauka a rufe take. In harshen kuba ne ke sanar da ita, ka tura shi da sukundireba har ya yi ƙyas. In ɗan maɓalli ne a jikin ginshiƙin ƙofa, ka danne shi ka ɗaure. Fitilar rufi ta mutu, shi ne shaidarka.

Sannan mita. Jar wayar ka zare ta daga ramin volt ka sa a ramin da aka rubuta 10A, ka juya mitar zuwa amp na DC. Ka sassauta kan negatif amma kar ka ɗaga. Ka maƙala waya ɗaya a jikin kan da ke tafiya mota, ɗayar ka danna ta a gindin sandar batir, sannan ka ɗaga kan a hankali. Ta haka wuta ba ta yanke ba ko na ƙiftawar ido, ta koma bi ta cikin mita. In ka bari ta yanke, kwamfutocin za su farka, sai ka sake jira.

Daga nan ka jira. Lambar farko da ka gani ba ita ba ce. Mota ma tana da lokacin barcinta, wata minti biyar, wata rabin awa. Ka ba ta rabin awa cur. Lafiyayyar mota ta zamanin taka kada ta wuce 0.05, wato miliyamp 50. Yawanci 0.02 zuwa 0.03 nake gani.

Babban gargaɗi: mita na haɗe, kar ka murza makulli, kar ka kunna manyan fitilu. Kik yana jan amp sama da ɗari, mitar goma kawai take ɗauka.

Ɗalibi:
Oga, a garejin da nake koyon aiki ƙwan gwaji muke sawa tsakanin kan batir da sandar. In ya kama, akwai shan wuta. Ba ya isa?

Oga Rewaya:
Da shi na koyi aiki ni ma, ƙanena. Yana kama babban ɓarawo. Amma ba ya gaya maka nawa ake sha, kuma a mota mai kwamfuta ƙwan yana rage wutar da ke isa gare su, sai su yi ta farkawa suna komawa, ƙwan na ƙyaftawa, kai kuma kana neman laifin da babu. Ka tara kuɗi ka sayi mita ko ƙarama ce.

Maman Ilham:
Sannunku. Ni ba makanikiya ba ce, amma irin wannan ta same ni da Corolla ɗita bara. Wata uku ina fama, har na daina zuwa unguwa da ita saboda fargaba. Ashe fitilar but ce ba ta mutuwa, maɓallinta ya lanƙwashe tun da aka ɗan buge ni ta baya. Ɗana ne ya gano. Ya kunna bidiyo a wayarsa, ya ajiye ta a cikin but ya rufe, da ya buɗe muka kalla, haske tar daga farko har ƙarshe. Ka gwada wannan Abban Khadija, da ta cikin aljihun dashbod in akwai, ba ya cin ko sisi.

Injiniya:
Hajiya ta kawo magana mai kyau. Mutane na raina ƙaramin ƙwai. Mai watt 5 a kan volt 12 yana jan kusan amp 0.4. A awa 24 ya sha kusan Ah 10 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa). Batir mai Ah 60 kwana uku ya zubar da rabinsa.

Abban Khadija:
Jama'a ga inda aka kwana. Gwajin Baba ya yi: na cire kai ranar Juma'a, yau Litinin na mayar, bugu ɗaya ta tashi. Caji kuma 14.1 ya nuna, da fitilu a kunne 13.9. Bidiyon Hajiya na yi, but duhu ne ƙirin.

Sai dai na yi ɓarna. Na haɗa mita yadda Oga ya ce, sai ƙaramar 'yata ta shiga gaba ta murza makullin da na ajiye a kan kujera. Mitar ta koma 0.00, duk abin da na yi ba ta motsi. Na ɗauka ma an daina shan wutar ne, sai na ga fitilar rufi ita ma ba ta kamawa.

Oga Rewaya:
Fiyus ɗin cikin mitar ne ya tafi, aikinsa ya yi. Ka kwance bayanta za ka gan shi, ka sa irinsa daidai, kada a naɗa masa zaren waya. Makulli kuma aljihunka. Kuma ka lura da wannan da kyau, duk mai karantawa: 0.00 cif ba alamar lafiya ba ce, don agogo da ƙwaƙwalwar rediyo dole su ɗan sha. In ka ga sifili tsantsa, mitar ka fara tuhuma.

Abban Khadija:
An canza fiyus, na biya maƙwabci haƙuri. Da na haɗa ta nuna 1.3, bayan 'yan mintuna ta sauko, bayan rabin awa ta tsaya a 0.55 ba ta ƙara motsi ba.

Injiniya:
To ga amsar tambayarka ta farko. Daga ƙarfe uku na yammacin Juma'a zuwa bakwai na safiyar Litinin awa 64 ne. Ka ninka da 0.55, kusan Ah 35 ke nan. Fiye da rabin batir ya tafi kafin ka sa makulli. A ranakun aiki kuwa dare ɗaya ne kawai, Ah 6 ko 7, shi ya sa ba ka ji. Mai batir bai cuce ka ba.

Ɗan Panteka:
Ni har yanzu altaneta nake zargi.

Oga Rewaya:
Kuma kana iya yin gaskiya, ta wata hanyar. A cikin altaneta akwai diyod, aikinsu su bar wuta ta fita zuwa batir, su hana ta dawowa. In ɗaya ya lalace, da rana za ta yi caji kamar lafiya, da dare batir ya riƙa zubewa ta cikinta. Za mu zo kanta. Amma a fara da mai sauƙi.

Alhaji, ka ɗauki hoton akwatin fiyus kafin ka taɓa komai. Ka sa mutum ya tsaya a kan mita, kai kuma ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, kana mayar da kowanne raminsa kafin ka zare na gaba. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne. In mayar da wani ya sa lamba ta yi sama, kwamfuta ce ta farka, ka jira ta koma. Akwati biyu ne, na cikin mota da na cikin bonet. Rile ma, wato 'yan akwatunan da ke kunna layin wuta su kashe, ka zare su, don wani yakan maƙale a kunne, musamman na esi da na fanka.

Ɗan Maraɗi:
Kafin nan ku duba saman batirin ma. Mu nan ƙura da zafi su ne abokan gabarmu. In ƙurar hunturu ta haɗu da ruwan batir da ya ɗan tsatso, sai ta zama hanya tsakanin sanduna biyu, wuta na bi a hankali. Ni jiƙa kanwa nake yi in goge saman da tsumma, za ka ga yana kumfa, sannan in bi da ruwa mai kyau in busar. Sai dai a kiyaye kada ko ɗigo ya shiga cikin ramukan.

Injiniya:
Gaskiya ne, kanwa na kashe kaifin asid. Amma irin wannan yoyon ba ya bi ta mitar da aka haɗa a kan negatif, don a saman batir yake kewayawa. Tunda mita ta nuna 0.55, abin yana cikin mota. A goge ɗin dai, yana da kyau.

Abban Khadija:
Na gaji wallahi. Tun bayan la'asar har aka kira magariba ina durƙushe, matata na riƙe da tocila tana karanto mini lamba. Fiyus na ciki duka, na bonet duka, rile duka. Na rediyo ne kawai ya sauke ta daga 0.55 zuwa 0.54. Sauran ko gezau. Anya ba sayar da motar nan zan yi ba?

Baba Direba:
Haba ɗana, motar mahaifinka? Yi haƙuri, an kusa. Rewaya, ka taimaka masa.

Oga Rewaya:
Alhaji, wahalar ba ta tafi a banza ba, yanzu ka wanke kusan duk wayoyin kamfani. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya bi ta waɗannan fiyus: altaneta, kik, sai kuma abin da wani ya jona kai tsaye a batir.

Altaneta tukuna. Ka raba mita, ka bar negatif a cire gaba ɗaya, sannan ka kwance babbar wayar da ke bayan altaneta, wadda aka ɗaure da noti. Kada ka kusance ta da sifana negatif na haɗe, wuta ce kai tsaye daga batir, tartsatsin ba wasa ba ne. Ka naɗe bakinta da tef, ka sake haɗa mita, ka jira rabin awan nan.

Kana jira, ka ɗaga murfin kan fozitif ka ƙirga mini wayoyin da ke jikinsa. Ka turo hoto.

Abban Khadija:
An cire wayar altaneta, har yanzu 0.55. Na mayar. A kan fozitif kuma, ban da manyan wayoyin da ke cikin rigarsu ta kamfani, akwai wata ja mai kaurin fensir, an naɗe ta da baƙin tef, ta bi gefe ta shige ta wani rami zuwa cikin mota. Duk masu canza mini batir mayar da ita suke yi, ni ma na ɗauka ta motar ce.

Ɗan Panteka:
To na janye maganata, altaneta ta fita.

Oga Rewaya:
Wannan jar ba ta kamfani ba ce, ko daga naɗin tef ɗin ka gani. Kuma a hoton ban ga fiyus a jikinta ba. Ka cire ta ka duba mita, sannan ka bi ta har inda ta ƙare.

Abban Khadija:
Allahu Akbar! Ina cire ta, bayan motar ta yi barcinta, mita ta tsaya a 0.03. Na ɗaga kafet na bi wayar ta gefen ƙofa har ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Wata amfilifaya ce, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kwance can ciki, ƙura ta rufe ta, ba ko lasifika ɗaya a jikinta. Na sake jona ta na ɗan lokaci don in tabbatar, sai ga wata 'yar koriyar fitila ta kama a gefenta, ta fuskar da ba a gani, ga makulli a aljihuna. Na sa hannu bayan an jima, da ɗumi.

Na kira ƙanena. Shi ya riƙe motar shekarar da na tafi kwas. Ya ce shi ya sa aka haɗa masa, da zai dawo mini da ita ya cire akwatin lasifikar daga but, ya manta da wannan. Kuma tun dawowarta ne matsalar ta fara, ban taɓa haɗa lissafin ba. Oga ka tambaye ni tun ranar farko me aka ƙara, na ce rediyo kawai.

Ɗalibi:
Amma Oga, ai amfilifaya tana mutuwa in an kashe rediyo. Me ya hana wannan?

Oga Rewaya:
Dubi hoto na biyu da Alhaji ya turo. Wajen shigar wuta rami uku ne: GND, REM da +12V. REM ɗin shi ne mai ba da umarni. Siririyar waya ce, yawanci shuɗiya mai ratsin fari, ke zuwa daga rediyo, in an kunna rediyo ta kawo wuta amfilifaya ta farka. Wanda ya yi aikin nan bai ja wannan wayar ba, sai ya sa ɗan guntun waya ya haɗa REM da +12V a nan jikinta. Ka ga kenan dare da rana a kunne take. Ƙanen Alhaji kullum yana kan hanya, shi ya sa bai taɓa ji ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba batir ba ne. Waya mai wannan kaurin, daga batir kai tsaye, ba fiyus, ta ratsa ƙarfen mota ta bi ƙarƙashin kafet inda ƙafafun yara suke. Da ta goge ta taɓa jiki, ba abin da zai yanke wutar. Ɗalibi, in za ka ja irin wannan layin, fiyus ɗinsa kusa da batir ake sawa, bai fi taƙi ɗaya ba, kuma inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Alhaji, ka zare wayar gaba ɗaya, kar ka bar ta a naɗe.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya tsare, ya ƙara kiyayewa. Gobe zan sa a duba kan batir ɗina ni ma, don ta hannu na saye ta.

Abban Khadija:
Amin Hajiya. An zare ta, tana nan a leda. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: wannan batir ɗin da ya sha mutuwa, zai ci gaba da yi?

Injiniya:
Ya danganta da yawan faɗuwar da ya yi. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf ba. Duk lokacin da ya zauna babu caji, wani farin gishiri na taruwa a farantansa, in ya daɗe ya taurare ba ya komawa, ƙarfinsa ya ragu ke nan. Kuma kada ka dogara da altaneta ta cika shi, tafiyar minti ashirin zuwa ofis ba ta mayar da Ah 35. Ka kai a yi masa caji mai sanyi na dare guda, ba na gaggawa ba. In mai murafu ne a duba ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwa kawai, ba asid ba. Bayan an cire daga caji ya huta wasu awanni ka auna: 12.6 cikakke ne, 12.4 ya ɗan ragu, 12.2 kusan rabi. Sannan ka sa wani ya buga kik kana kallon mita, kada ta faɗi ƙasa da 9.6.

Baba Direba:
Kuma in ka sauke shi kada ka ajiye a kan siminti, ka sa masa katako. Ƙasa na shan batir.

Injiniya:
Baba, wannan ta samo asali ne daga batiran da, waɗanda jikinsu ke iya tsatsa ya jiƙe. Na yanzu jikin roba ne mai ƙarfi, siminti ba ya shan komai. Amma katakon ba ya cutarwa, yana ma kare daɓe daga asid.

Baba Direba:
To madalla. Ni dai katakona yana nan, da shi na saba.

Abban Khadija:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto. An yi cajin dare guda, ya huta ya nuna 12.5, lokacin kik ya sauka 10.2. Na ajiye ta ranar Juma'a ban cire komai ba. Yau Litinin ƙarfe bakwai saura kwata na auna kafin in sa makulli, 12.4, bugu ɗaya ta tashi, yara sun isa kafin a kaɗa ƙararrawa. Oga Rewaya, ka turo mini kwatancen garejinka ta akwatin sirri, ranar Asabar zan kawo ta ka duba ramin da wayar ta bi a toshe shi, ka kuma duba yadda aka haɗa rediyon nan.

Oga Rewaya:
Na tura. Ka zo da safe kafin rana ta yi zafi, ka taho da amfilifayar ma, akwai yaron da nake so ya ga wannan guntun wayar da idonsa.